Casa'in da Shida a Bindigar Awo

Tun ranar da manyan kulob suka sauka daga Amurka, abinci ya daina shigar wa Eudis Peguero. Su uku ne, da gajerun wanduna da wuyan da rana ta ƙone, kuma kowa a sansanin besbol na Boca Chica, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da gora, ya san abin da ya kawo su. Za su jera samarin da kulob yake raino, daga na ɗaya zuwa na ashirin. Wanda ya shiga ashirin, jirgi zai kai shi Florida. Wanda bai shiga ba, in sabon zuwa ne, sai a ƙara masa shekara. Eudis kuwa wannan ce shekararsa ta uku, kuma ba a yin ta huɗu.

Shekarunsa ashirin. A wurin da ake ɗaukar yaro yana da sha shida, wannan tsufa ne, shi ya sa suke kiransa Kaka.

"Kaka, mangú ɗin ma ya fi ƙarfinka?" in ji Ronelvi, abokin ɗakinsa, yana leƙen dakakkiyar ayabar da ke gaban Eudis. "Ko haƙoran ne suka gama zubewa? Kawo in taimake ka."

Eudis ya tura masa farantin. "Yau kai ne a kan bindiga, ko?"

"Ni ne."

Haka tsarin yake. Mai jifan da ba ranarsa ba ce shi ke zama bayan raga, ya riƙe bindigar awo, wadda ke nuna gudun kowace ƙwallo. Wanda ke kan tudun jifa ba ya ganin lambar.

"In na taɓa casa'in da biyar, ka taɓa hularka."

"Kai? Casa'in da biyar? A kan babur?"

"Ronelvi, ba wasa nake ba."

Yaron ya dube shi, ya daina tauna. "To. Zan taɓa."

Duk sansanin maganar ɗaya ce: bara babu mai jifan da ya haye sai wanda jifansa ya taɓa gudun mil casa'in da biyar a awa. Eudis a casa'in da ɗaya yake, ran da jiki ya yi daɗi casa'in da biyu. Abin da yake da shi saiti ne. Inda mai cafe ya buɗe hannu, nan ƙwallon take sauka. Amma bai taɓa jin an sa mutum a jirgi saboda saiti ba.

Yana ɗumama hannu sai Koci Bienvenido ya zo ya tsaya bayansa, tsoho mai ɗingishi wanda ya yi shekaru yana koyar da jifa.

"Yaro, bindiga ba ta riƙe gora. Mutumin da ke gabanka za ka yi wa jifa, ba ita ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Koci."

Zagayen farko ya tafi yadda ya saba. Mai gora na farko ya tsaya yana kallo ƙwallon ta bi ta gefen gwiwarsa, aka fitar da shi. Na biyu ya buga ta ƙasa, ƙwallon ta riga shi isa zangon farko, shi ma ya fita. Na uku ya kai duka ya sami iska. Bayan kowane jifa Eudis sai ya saci kallon bayan raga. Hannun Ronelvi bai motsa ba. Kusa da shi Amurkawan na zaune, ɗaya yana ɓarar gyaɗa, ɗaya yana danna waya. Na ukun ma ya juya yana kallon ɗaya filin.

Ya koma benci ya zauna. Ya tuna tashar 'yan acaɓa da ke bakin layinsu a Hato Mayor, inda yayansa yake jiran fasinja. Yayan ma ya taɓa zama a irin wannan sansani, har yanzu da tsohuwar hular kulob yake yawo.

Da ya koma tudu, ya ɗaga ƙafa fiye da yadda aka koya masa, ya zuba duk abin da ke jikinsa. Ƙwallon ta yi sama, sai da Yunior mai cafe ya yi tsalle. Hula ba ta motsa ba. Ya ƙara. Wannan ta daki ƙasa. Ya ƙara.

Yunior ya ɗage abin rufe fuskarsa, ya taho da gudu. "Kaka, tsuntsaye kake harbi? Ga hannuna nan, ba ka gani? Ina da budurwa fa, tana son yatsuna cikakku."

"Koma wurinka."

"Mutumina, kowa ya ga kana leƙen bindiga."

"Na ce ka koma."

Jifan Eudis ya yi ta kauce wa saiti har ya ba mai gora hanya kyauta, ya ba na bayansa ma. Amma a jifa na gaba, yatsan Ronelvi ya hau bakin hula. Mai wayar ya ɗago kai. Eudis ya gani. Ɗaya bai isa ba, za su ce katari ne. Ya cije haƙora, ya saki hannu kamar zai jefar da shi tare da ƙwallon.

Wani abu ya tsinke masa a gwiwar hannu, kamar an ja waya mai zafi daga ciki. Ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suka mutu. A bayan raga kuwa Ronelvi ya cire hular gaba ɗaya yana kaɗa ta, Amurkawan uku sun haɗa kai a kan bindiga.

Koci Bienvenido ya ɗingiso ya karɓi ƙwallon. "Hannun lafiya?"

"Lafiya lau, Koci."

"Casa'in da shida!" in ji Ronelvi bayan wasa, ya ɗane bayansa. "Kaka ya sha maganin yarinta!" Eudis ya yi dariya, hannunsa na dama a cikin aljihu. Da hagu ya ci abinci, da hagu ya goge baki. Bai je wurin mai ɗora wa masu jifa ƙanƙara a hannu ba, don duk wanda ya je ana sanar da ofis.

Washegari da rana aka riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Babban Ba'amurken na magana, Koci na fassarawa.

"Ya ce kai ne na goma sha huɗu. Ya ce ranar Litinin likita zai ɗauki hoton cikin hannun duk 'yan ashirin ɗin. Wanda hannunsa yake lafiya, a fara masa biza."

Mutumin ya miƙo hannu. Eudis ya ba shi na dama. Matsar ta tafi har cikin kunnensa, amma bai daina murmushi ba.

Koci ya biyo shi waje, suka tsaya a inuwar baranda. Akwai ƙwallo a hannun tsohon yana juya ta.

"Tun kafin wasan jiya kana ciki," ya ce. "Na ashirin. Sun kalli jifanka na shekara guda a bidiyo, saitin ya burge su. An hana ni faɗa, shi ya sa na ce maka abin da na ce."

Wayar Eudis na ta rawa a aljihu. Mama ce, Ronelvi ya riga ya kai mata labari.

Koci ya ja baya kaɗan, ya wurgo masa ƙwallon a hankali. Eudis ya cafe da hagu.

"Jefo mini," in ji tsohon.

Tazarar ba ta fi faɗin ɗaki ba. Eudis ya mayar da ƙwallon hannun dama, ya nemi ɗinkinta da yatsu, biyu ba su ji komai ba. Ya ɗaga hannun zuwa kafaɗa, ya tsaya a nan. Wayar ta ci gaba da rawa.

Koci bai sauke hannunsa ba. "Ina jira, yaro."