Sunan Wa Za a Rubuta a Kwalin

Tun da aka katse layin waya a yankinmu ban ji muryar Inna ba. Ni ba mutumin zama in jira ba ne. Ina da lasisin rediyon magana, irin wanda mutum ke kafawa a gidansa ya yi hira da na nesa, kuma wayar eriyata tana nan miƙe a bayan flat ɗina a Dagenham, nan ƙasar Turawa. Abin da ya rage shi ne a samu irinsa a can gida, a hannun ƙanena Abdul-Majeed.

Ranar Lahadi masu wannan sha'awa suka yi taronsu a wani zauren wasanni. Na ɗauki ƙanwata Suweiba a van ɗin aikina muka tafi. Ta zo ganin likita ne, jibi za ta koma gida. Ban gaya mata dalilin da ya sa na ja ta ba.

Zauren cike da tebura, tsofaffin Turawa sun baje kayan hannu, ko'ina ƙara da shuuu. A teburin wani dila mai suna Mordecai na ga abin da nake nema. Ya sha hannu, amma da ya kunna ya kama tsaf. Wani dogo mai jar hula ya tsaya a bayana yana leƙe, shi ma ya ƙyalla ido a kansa.

Na ce kuɗin ya yi yawa ga tsohon kaya. Mordecai ya ce shi kamfani ne, da VAT a ciki. Na ce an biya haraji lokacin da yake sabo, yanzu kuma don ya tsufa sai a sake biya? Ya ɗaga kafaɗa, sannan ya tambaya ko a nan zan yi amfani da shi. Na ce Najeriya za shi.

Ya ce to ai da sauƙi. In shi ya tura da kansa zai cire harajin. Sai dai ya rubuta sunan mai karɓa da adireshi, da abin da ke cikin kwalin. Ya ɗauko biro.

Na fara faɗa masa, "A, B, D..."

Suweiba ta riƙe min hannun riga. "Yaya, sunan wa kake bayarwa?"

"Na Abdul-Majeed mana."

"A jikin kwalin oba-oba?"

"Ba oba-oba irin ta 'yan bindiga ba ce, ke. Wannan daban ne."

"Kai ka san daban ne. Wanda zai buɗe kwalin a kan shingen jami'an tsaro fa, aji zai shiga kafin ya ɗaure Abdul-Majeed?"

Mai jar hula ya yi gyaran murya. Mordecai ya ce in ban shirya ba, akwai mai so. Na dafa rediyon da tafina na ce masa one minute.

"Shi ke nan," na ce mata. "In biya harajinsu, ba sunan kowa. Ki sa a akwatinki cikin atamfofi."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. "Ashe abin da ya sa aka kawo ni yawon buɗe ido ke nan."

"Inna ce fa. Ciwon sukari gare ta. In ta faɗi, wa zai gaya min?"

"Ka rage murya, ana kallonmu." Ita ma ta rage tata. "A ce na wuce da shi lafiya. Ina za a kafa eriyar? Kan rufin Inna. Mutanen daji suna da masu duba musu gari. Su ga ƙarfe ya tsaya a kan gida ɗaya tak, me za su ce?"

Na kalli rediyon, ita kuwa ta ci gaba.

"Za su ce gidan masu kai rahoto ne. Kai kana nan kana shan tea, mu ne a ƙarƙashin rufin."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban saba ƙanwa ta tsare ni a gaban mutane ba. Mordecai yana ta juya biro, Hausa ba ya ji amma fuska yana gani.

"To in zauna haka?" na ce. "Sai an aiko min da ta'aziyya?"

"Zan riƙa ɗaukar muryarta a wayata. Ranar kasuwa in shiga mota zuwa Funtuwa, inda layi ke kamawa, in turo maka. Taka ma in kai mata."

"Hanyar ma ai ba lafiya."

"Da kai da babu kai muna bin ta, Yaya. Gishiri ma can muke saye."

Na ɗauke hannuna daga kan rediyon. Mai jar hula bai ko jira na matsa ba, ya zaro katin banki. Mordecai ya yage takardar da ya fara rubutu a kai ya miƙo min, na cusa a aljihu.

A van ban tada inji da wuri ba. Na ce, "Ki ce mata ta yi magana da yawa. Ban son gaisuwa kawai. Har faɗan ma ta yi."

Suweiba ta ja bel ta ɗaura. "Wannan kam ba sai an roƙe ta ba."