Kafaɗar Likita

Labiba ta sake ɗaga hannu. Tana zaune a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, an rufe mata kunnuwa da na'ura, an ce duk sanda ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ba ta jin komai sai wani abu can nesa kamar kukan sauro. Amma tana hango Likita Chérifa ta gilashin, kuma duk lokacin da likitar ta danna maɓalli sai kafaɗarta ta ɗan motsa. Hannun Labiba kuwa ya saba, ba ya jiran izininta.

Tun tana shekara bakwai wani zazzaɓi ya tafi da rabin jinta, amma a unguwarsu ta Zongo ba kowa ya sani ba. Baki take karantawa, da Hausa da Faransanci, har gulmar da ake yi a tsallaken titi ba ta wuce ta. Haka ta gama sakandare lafiya lau. Jami'a ce ta tona mata asiri: ɗalibai dubu a zaure ɗaya, malami can ƙasa bai fi ɗan yatsa ba, ga makirfo ya rufe masa baki. Ofishin ɗalibai ya ce zai ba ta kujerar gaba da darussa a rubuce, in ta kawo takardar likita kafin Juma'a. Ga shi yau Laraba.

Da ta fito, likitar ta duba sakamakon ta yi murmushi.

"Madmazel, ai kin fi ni ji. Me zan rubuta miki?"

Abin dariya, daɗi Labiba ta fara ji, kamar wadda ta ci jarrabawa. Sai daga baya ta tuna: ba takarda ke nan, ba kujerar gaba.

"Me ta ce?" in ji mahaifiyarta, Hajiya Husaina, mai sayar da atamfa a kasuwar Missèbo. Da ƙyar ta yarda ta rako ta. Shekara goma sha biyu ke nan, duk wanda ya kira 'yarta kurma sai ta raka shi har bakin ƙofa da masifa. Ita ta koya mata duka: kalli baki, kalli ido, kada ki bari a gane.

"Ta ce lafiyata ƙalau, Inna."

Maganar da Hajiya ta daɗe tana son ji ke nan daga bakin likita. Ta dubi 'yarta, ta dubi jakar littattafan da ke cinyar yarinyar. Can sai ta gyara mayafi, ta ce da Faransancinta na kasuwa:

"Madam, yarinyar nan wayo ta yi miki. Ni na koya mata. Tsaya ki gani."

Ta miƙe, ta juya wa Labiba baya, ta fuskanci bango, ta fara magana da Hausa. Ta daɗe tana yi. Labiba ba ta ga komai ba sai mayafi yana motsi, daga baya kafaɗu suka soma rawa. Likitar ba ta jin Hausa, fuskar Labiba kawai take kallo.

Aka sake gwajin, aka juya kujerar tana kallon bango. Sau biyu kacal hannun ya tashi. Likitar ta rubuta, ta buga hatimi, tana girgiza kai tana dariya.

A bakin titi suna jiran zem, wato babur ɗin haya, Labiba ta ji zuciyarta wasai, kamar ta sauke tulu daga ka. Ta taɓa hannun mahaifiyarta.

"Inna, me kika ce ɗazu?"

Hajiya ta juyo mata da fuskarta gaba ɗaya, yadda ta saba, idanunta jajir.

"Abin da ba zan iya faɗa ba kina kallona." Ta ɗaga wa mai babur hannu. "Riƙe takardar nan da kyau, kada iska ta ɗauke."