Zabirar Abarshi

Ni dai ko kaza ban taɓa yankawa ba, maƙwabci nake kira, in juya baya ina duban katanga kamar mai lissafin gyara ta. Saboda haka ba ni da bakin zagin Salmanu a labarin nan, iyakata in faɗe shi yadda ya zo mini.

A zamanin da ayarin fatake ke ratsa dajin Birnin Gwari su nufi ƙasar Nufe, tun Nasara bai zo ba, an yi wani wanzami wai shi Abarshi. Aski da ƙaho duk yana yi, ya san saiwa da sassaƙe, amma abin da ya yi suna da shi sakiya ce: a gasa siririn ƙarfe ya yi ja, a huda kumburi, mugunya ta fita. Salmanu ya zo hannunsa yana saurayi. Shekara bakwai yana dakan magani kafin a bar shi ya taɓa ƙarfe. Daga nan ya huda kabewar da za ta ciyar da unguwa guda, ya koma kan jakai da tumaki. Abarshi kan kama babban yatsansa ya ɗora bisa kumburin mutum ya ce, "Ji nan. Ya nuna ko da saura? To, ji nan kuma, wannan jijiya mai harbawa. Ka huda ta, sai dai a nemo likkafani."

An taɓa yin haka a gidan. Wanda ya riga Salmanu koyo ya huda wani maƙeri a jijiya, jini ya ƙi tsayawa. Shi ya sa Abarshi ya rantsar da Salmanu: ƙarfensa ba zai shiga jikin ɗan Adam ba sai ran da ya rataya masa zabira da hannunsa, ko ran da aka sa shi Abarshin a kabari. Shekara ashirin da biyu, zabira ba ta sauya kafaɗa ba. Furfura ta fito wa Salmanu, matan unguwa na ce masa yaron Baba, yana amsawa.

Wata Laraba cikin damina Abarshi ya tafi Kakangi duba ƙanwarsa, ya ce gobe zai dawo. Zabira ya bar ta a maratayi. Da la'asar sama ta kece, rafin da ke hanya ya cika ya batse.

Washegari wata Bafillatana, Huraira, ta jawo takarkari har ƙofar zaure, mijinta Bakoji na kwance bisa. Kututture ya soke shi a cinya wajen kiwo, kwana goma sha biyu ke nan, cinyar ta yi kamar tulu. Salmanu ya ɗora yatsa. Ya nuna sarai. Ya ji inda mai harbawa ta bi, ya ji inda ƙarfe zai shiga, tazarar yatsa biyu. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi.

"Baba ya je Kakangi," in ji shi. "Yau zai dawo."

"Kai fa?" Huraira ta tambaya.

"Ban kai ba tukuna."

Bakoji ya ɗaga kai ya dubi gemunsa, ya yi dariya har da tari. "Kaɗo, da wannan furfurar? Kai dai uwarka ta yaye ka kuwa?"

"Jakai nake yi wa, Bafillace."

"To ai an dace. Tambayi Huraira abin da take kirana."

Salmanu ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ya jiƙa sassaƙen maɗaci ya ba shi don zazzaɓi, ya kwaɓa garin bagaruwa da man kaɗe ya shafe cinyar, yana sane cewa wannan lallashi ne kawai. Ya tafi bakin rafi ya ƙwala kira har muryarsa ta dishe. Babu kowa a ƙetare, sai ruwa ja yana jan itatuwa.

Ran Juma'a Bakoji ya daina ba'a. Ya koma kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Huraira ta sauko da zabira da kanta ta ajiye a gaban Salmanu.

"Wanzan, don Allah. In ya mutu a hannunka na yafe, a gaban kowa zan faɗa."

"Ba ke na rantse wa ba, Inna."

"Ni ba innarka ba ce, ka girme ni!"

Ya hura wuta. Ya zaro ƙarfen ya gasa har ya yi ja, ya durƙusa, ya kafa yatsansa daidai wurin. Sai ya tuna maƙerin nan, da yadda Abarshi ya sa shi ya dafa Alƙur'ani. Yana nan durƙushe ƙarfen ya yi baƙi. Ya sake gasawa, ya sake yin baƙi. A na uku ya tsoma shi a kaskon ruwa, ya yi cuu, Huraira ta juya masa baya.

Da hantsin Asabar Bakoji ya cika. Salmanu ne ya yi masa wanka. Da ya zo kan cinyar, yatsansa ya tafi wurin nan da kansa, bai kuskure ba. Huraira ba ta zage shi ba, da ma ta zaga. Ta karɓi sandar mijinta da malfarsa, ta ja takarkari babu kowa bisa, ta shiga daji.

Salmanu ya mayar da zabira maratayi, ya share zaure. Ya kwana biyu yana shirya abin da zai gaya wa Baba: an kawo mutum, na riƙe alkawari. Wani lokaci ya ji maganar ta yi nauyi, wani lokaci ya ji ba ta da kan gado. Ya yi ta juya ta a baki yana daka saiwar da babu mai buƙata.

Ran Litinin ruwa ya janye. Wani falke, Ƙasimu, ya ƙetaro, wandonsa a naɗe har gwiwa, ya yi sallama a zaure ya ce daga Kakangi aka aiko shi. Abarshi ya faɗi yana alwalar azahar ranar da ya isa. Tun Laraba aka binne shi, kafin ruwan ya sauko.