Gorar da Ke Cikin Jakarsa

Auta ta danna dutsen guga a kan farar rigar mijinta kamar rigar ce ta yi mata laifi. Yau zai tsaya gaban kwamitin bincike, domin shi ne a hasumiyar filin jirgi yana ba jirage hanya ranar da yayanta, Kyaftin, ya karkata jirginsa kan titin da ba nasa ba, ya yi karo da motar masu gyaran titi, ya rasu tare da wasu mutane. Tun ba a kashe wutar ba rediyo ya yanke hukunci: kuskuren matuƙi. Umma ta daina leƙa ko ƙofar gida, don kada a nuna ta a ce ga uwar wanda ya kashe mutane.

"Za ki ƙona min riga," in ji mijin daga bakin gado.

"Me za ka faɗa musu?"

Ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. "Oganmu ya ce in ce mu biyu ne a hasumiyar, ni da Dogo. Dogo ma ya yarda zai faɗi haka."

"Dogo? Dogon da aka sallama tun safe saboda ya kwana yana aiki? Wato daga kan katifarsa yake ba jirage hanya?"

"Auta, rage murya. Yayanki ya yi kuskure, wannan ba ƙarya ba ce. Dama na ce masa, ya yi hagu."

"Ban ce mala'ika ba ne! To wa aka ajiye ya ga kuskuren? Ina idonka yake lokacin?"

"Ina ɗaya teburin," ya ce a hankali. "Ina magana da wani jirgin da ke shirin sauka. Kafin in juyo..." Ya haɗiye sauran. "In na faɗi haka, aikina ya tafi. Wataƙila ma su juye laifin duka a kaina."

Ta dube shi, mutumin da ta fara so tun ranar da Yaya ya kawo shi gida yana tsokanarsa da Sarkin Sama, yana cewa, "Ga wanda in bai ce sauka ba, sai dai in kwana a gajimare." Har yanzu tana son sa, kuma wannan ne ya fi komai ƙona mata rai.

Ta fizgo jakar aikinsa ta zazzage a kan gado. Gorar roba ta gangaro, babu komai a ciki. Ita take wanke ta kullum ta saka masa, saboda a hasumiyar babu wanda zai karɓe shi ko na zuwa bayi, sai dai ya yi fitsari a cikinta. Mutumin da ya daina shan shayin safe don tsoron fitsari, wanda yake dawowa murya a dishe, ido jajur.

"Mu biyu ne, ko? To ga na biyunka nan, Sarkin Sama. Tafi da ita ta ba da shaida."

"Auta!"

"Yaya ba shi da bakin kare kansa, shi ya sa kuka zaɓe shi. Gobe wani ne zai zauna a kujerarka shi kaɗai, da tasa gorar, wata kuma ta rasa nata yayan. Ka je ka ceci aikinka. Ni dai ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da wannan ƙaryar ba."

Ya saka rigar, ya fita.

Zauren binciken ya cika maƙil, fanka na juya iska mai zafi. Auta ta samu wuri a layin iyalan mamata, inda wata mata ta gane ta, ta janye mayafinta gefe. Oga yana gaba da kwat ɗinsa, yana rabon murmushi kamar mai aurar da 'ya. Dogo ya kafe ido a ƙasa.

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau, ya gyara makirufo. "Malam, ku nawa ne a hasumiya lokacin da abin ya faru?"

Mijin ya dubi Oga. Oga ya gyaɗa masa kai. Sannan ya waiga, idonsa ya sauka a kan Auta. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe shi da ido ba. Ta dai buɗe jakarta, ta fito da gorar, ta dasa ta a kan gwiwarta inda zai gani.

Dattijon ya cire tabarau yana jiran amsa.

"Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Tebur biyu, ni kaɗai. Ba ranar kawai ba. Haka muke yi kullum."

Zauren ya ɓarke da hayaniya. Oga ya miƙe zumbur yana faɗin abin da ba wanda ya ji. Auta ta san daga yau mijinta ba zai sake hawa matakalar hasumiyar nan ba. Ta ɗauko waya ta kira mahaifiyarta.

"Umma," ta ce, "kunna rediyo. Ki kuma buɗe ƙofar gidan nan."