Cindon Maimuna

Hannun Garzali na shimfiɗe a kan farar takarda, 'yarsa Maimuna tana bin gefen yatsunsa da fensir. Rabon da ta taɓa hannun nan har ya manta.

"Baba, kar ka motsa. Malama Asabe ta ce kowa ya zano hannun mutanen gidansu, ya sa su dangwala yatsa a tawada. Ta ce zanen yatsa kowa da nasa, amma akwai alamomin da jini ke ɗaukowa daga iyaye."

"Boko ke nan," in ji shi. "An rasa abin koyarwa sai hannun direba."

Shekara ashirin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko. Ko da aka koma tuƙin dama shekara uku da suka wuce, bai taɓa goge kowa ba. Mutum ne mai yarda da abin da idonsa ya gani. Abin da idonsa ya gani kuwa, shekara goma sha biyar baya, shi ne jaririya mai yatsa shida a hannun hagu. A lokacin, duk layinsu a Gyadi-Gyadi mai cindo ɗaya ne: Tanko tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan. Garzali ya dubi jaririya, ya tuna makonnin da yake yi a hanya, ya haɗiye maganar. Da wanzami ya zo ɗaure yatsan, Garzali ya ce a bar shi. Ya bar shi ne don ya zame masa shaida. Ana yaye yarinyar ya ba uwarta Kubura takarda, bai faɗa wa kowa dalili ba. Ya riƙe 'yar don kada a yi da shi, ya ciyar, ya tufatar, amma bai taɓa ɗora ta a cinya ba.

Fensirin ya tsaya a gefen ɗan ƙaramin yatsansa.

"Baba, mene ne wannan ɗan ƙullutun?"

"Tsiro ne. Ki yi ki gama."

Gwaggo Ladi, yayar mahaifinsa, tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Jiya ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga haihuwarsa. Ta tuntsire da dariya.

"Tsiron me? Kai, ɗan nan! Cindo ne. Da shi ka faɗo. Maje wanzami ya ɗaure da zare, kwana huɗu ya bushe ya faɗi. Ni na binne shi a bayan rumbu. Kakanka ma haka, har a ƙafa. Zo nan, 'yar nan, in lalubi naki. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Maimuna ta ɗora hannunta na hagu kusa da nasa a kan takardar. Yatsan nata na shida ya faɗa daidai inda ƙullutun yake. Fuskarta ta washe. Ita da kullum hannun nan yana cikin mayafi saboda tsokanar 'yan aji.

"Ashe a wurinka na gado! Wallahi gobe sai na nuna wa masu ce mini Cindo. Baba, to me ya sa ni ba a cire mini ba?"

Garzali ya dubi ƙullutun, ya dubi cindon. Ya ji kamar ya taka birki a gangara ƙafar ta tafi har ƙasa. Ya janye hannun, babban yatsansa duk tawada, ya zura takalmi.

"Ina za ka, ga abinci an sauke?" in ji Gwaggo.

Bai juyo ba.

Da ƙafa ya tafi Tarauni, rana na dukan ƙeyarsa. Ya wuce tsohon shagon Tanko, wanda ya rasu bara. Shekara goma sha huɗu bai amsa sallamar bawan Allahn nan ba, jana'izarsa ma ya ce yana hanya, alhali yana kwance a ɗaki. Wannan kam ba inda za a je a gyara.

A can Kubura take zaune, gidan wanta Shehu, tun da mijinta na biyu ya rasu. Ta fito zaure da garin dawa a hannu, ta tsaya nesa.

"Malam Garzali? Lafiya? Wani abu ya sami Maimuna?"

"Lafiyarta lau."

"To, bismilla."

Bai iya kwana-kwana ba, ko a titi ko a magana. Ya faɗa mata duka: yatsan, Tanko, makonnin hanya, abin da ya sa ya hana wanzami. Yana magana yana kallon ƙasa. Da ya gama ya miƙa mata gefen hannunsa kamar mai nuna wa ɗan sanda lasin.

Ta dubi hannun. Daga cikin gida ana jin ƙarar taɓarya.

"Ashe abin ke nan," ta ce a hankali. "Na yi ta lissafi. Na ce ko bakina ne, ko girkina, ko don mace na haifa. Har uwata ta mutu tana tambayata me na yi maka."

"Kubura, ki yafe..."

"Wannan ƙullutun," ta nuna da haɓa, "tun ina amarya na san shi. Ranar da na ga na yarinyar har daɗi na ji, na ce ta ɗauko ubanta. Na zaci ka sani. Na zaci don haka ka ce a bar mata."

Ta kakkaɓe garin hannunta a zane.

"Da ka tambaya, Malam."

Ta ɗaga labule ta shige. Ya jira ko za ta dawo. Taɓaryar ta ci gaba.

Da ya koma gida, takardar tana kan tabarma, an danne ta da dutse. Hannu biyu a jere, babba da ƙarami. Maimuna ta ja layi daga ƙullutun zuwa cindon, ta yi rubutu a ƙasa. Garzali bai iya karatun boko ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"In karanta maka, Baba?"

"Zauna tukuna," ya ce. Ya matsa mata wuri a kusa da shi. Ta tsaya tana duban wurin, ba ta san ko da ita yake ba.