Murhun Dulcie

Noelene na cusa tsumma a ƙarƙashin taga sai tarin Clive ya sake tashi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Kwanansa huɗu da dawowa daga asibiti. Likita ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: duk watan Yuli, tsakiyar hunturu a nan, in hayaƙin itace ya kwanta a kwarin Launceston, gadajensu kan cika da masu irin huhun mijinta, kuma ba duka ke komawa gida ba.

Yau kwana uku ba iska, ko ganye bai motsa ba. Ta dafa shayi ta manta da shi, ta duba tukunyar iskar da Clive ke shaƙa, ta sake komawa taga. Bututun murhun ɗumama gidan maƙwabciyarsu Dulcie na ta aman farin hayaƙi mai kauri, yana tsallake shinge yana sauka daidai ɗakin mara lafiya kamar an aiko shi.

"Zauna mana, kina sa ni jiri," in ji Clive.

"Wajen Dulcie za ni."

"Ke? To bari in kira 'yan sanda tun yanzu." Dariyar ta rikiɗe masa ta koma tari.

Shekara goma sha ɗaya rabon da su gaisa, tun ranar da Dulcie ta sare reshen lemon Noelene don ya leƙa gidanta. Noelene mai riƙo ce, ita ma ta san halinta. Amma yau tsoro ya fi ƙarfin gaba.

Sai a bugu na uku tsohuwar ta buɗe, cikin kwat da hular ulu, shekara tamanin da huɗu a duniya amma baki na nan yadda yake.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna. Murhunki ne ke neman kashe min miji."

Ta kutsa ba a ce ta shigo ba. Falon da sanyi kamar waje. An rufe kafar iskar murhun ruf, itace na ci a hankali, ba harshen wuta sai hayaƙi.

"Kin toshe masa iska, ina zai ci da kyau?"

"In na buɗe, kafin rana ta yi tsaka ya cinye na yini. Mijin naki ne ma ya koya min dabarar, shekarar da nawa ya rasu. Itacen kuma wa kike zaton ke aiko min da shi?"

Ashe Clive ne, Noelene ba ta taɓa sani ba. Haushi ya kama ta, kunya ta biyo baya.

"Na lantarki fa?"

"Wayoyin gidan nan sun girme ki. Ina kunnawa wuta ke ɗaukewa."

Sai yanzu ta lura da yatsun tsohuwar, sun yi shuɗi don sanyi. A kashe murhun nan sanyi ya ɗauke Dulcie, a bar shi hayaƙi ya ɗauke Clive. Ta zagaya falon sau biyu, sannan ta ɗauko bokitin toka, ta kwashe itatuwan da awartaki, ta fita da su ta sheƙa musu ruwa.

"Kin haukace ne?"

"Ina jakarki? Akwai gado a ɗakin ɗinkina, da ɗumi. Sai Satumba ki dawo."

"A gidanki? Gara in daskare."

"Sai ki daskare a can, ni ban da lokaci. Magungunanki na ina?"

Da mita da komai dai suka fito, Noelene riƙe da jaka, Dulcie riƙe da hannunta. A bakin ƙofar shinge tsohuwar ta ja ta tsaya tana mai da numfashi. Ta bi layin da kallo har gangare, gida bayan gida, kowane rufi da nasa hayaƙin.

"To, 'yar nan," ta ce, "ɗaki nawa gare ki?"