Faifan Gregor a Bikin Elspeth

Murdo Kinnear yana tsaye a gefen zauren mahaƙa kwal na Cowdenbeath, ya rasa gane ko an fara kiɗan ko har yanzu gyaran kaya ake yi. 'Yarsa Elspeth da angonta suna tsakiyar fili riƙe da juna, suna jiran inda za su sa ƙafa. Abin da ke fitowa daga dandamali kuwa sarewa ce, da wani huci kamar iska ta sami ƙofa a buɗe.

Ɗansa Gregor ne a kan dandamalin da abokansa huɗu, masu gashi har kafaɗa. Faifansu na farko ya fito a makon, Gregor ya ce kyautarsa ga ƙanwarsa ita ce su kaɗa shi gaba ɗaya a bikinta. Murdo ya amince bai saurara ba. A ganinsa kiɗa kiɗa ne, ana yin sa don a taka. Wannan sakaci ne, ba shi da wani suna.

Ganga ta shigo. Ango ya ɗaga ƙafa, gangar ta sauya, ya tsaya da ƙafa a sama. Can sai shiru. Jama'a suka tafa da murna a zaton an gama, kiɗan ya dawo ya danne tafin.

"Murdo," in ji Morag, uwar ango, "yaron nan lafiyarsa ƙalau? Ko injin ne ya lalace?"

"Haka abin yake, wai."

"Wai? To amarya ta kusa kuka. Ga wayar wuta can bayanka, cire ta mu huta."

Murdo ya dubi wayar. In ya cire, ya tozarta ɗansa a gaban garin da aka haife shi. In ya bari, rawar farko ta 'yarsa ta zama abin dariya a bakin ramin kwal ranar Litinin. Ya dubi Gregor: ido a rufe, yana murza gita kamar mai addu'a.

Sai ya ajiye kofinsa, ya ratsa fili, ya janye ango gefe.

"Baba, ba ya rawuwa," in ji Elspeth.

"Kar ki saurare su. Ni za ki saurara. Ɗaya, biyu, uku."

Suka fara juyawa, yana ƙirga da baki, takalmansa na aiki da dabe. Morag ta jawo mijinta. Kafin a jima zauren ya cika da masu juyi, daben katako na amsa ɗaya, biyu, uku. Mai ganga, wanda uwarsa ke cikin masu rawar, ya yi ta kokawa har ya gaji ya bi ƙafafun. Mai sarewa ya bi shi. Da Gregor ya buɗe ido, shi kaɗai ya rage a kan kiɗan faifan. Shi ma ya bi.

Da aka gama, aka yi layi a teburin da aka jera faifan don sayarwa. Morag ta ce a ba ta biyu.

"Gregor, ɗan albarka, wannan na ƙarshen da muka taka, a wane gefen faifan yake?"

Kiɗan da aka taka kuwa ba ya cikin faifan. Gregor ya dubi ubansa. Murdo bai san ko haƙuri zai ba shi ko barka zai yi masa ba.

"Miƙa mata, mana," in ji Murdo. "Mutane na jira."